Wutar da Ba Ta Jiran Ashana

Duk lokacin da gobara ta tashi a unguwa, bayan an kashe ta, hankali ya kwanta, tambayar farko ita ce wa ya kunna wuta. Sai mai shago ya yi ta rantsuwa cewa babu wanda ya ƙyasta ashana, ba a shan taba a wurin, wutar lantarki ma tun da rana aka ɗauke ta. Daga nan zargi ya fara yawo. Wani ya ce maƙiya ne, wani ya ɗora wa yaran shago, wani ya kai maganar har kan aljannu. Alhali sau da yawa mai shagon gaskiya yake faɗa. Akwai wutar da ba ta buƙatar ashana ko tartsatsi, zafi kaɗai ya ishe ta. Ina so mai janareta da mai suya da makaniki da mai ajiye harawa su san wannan, domin asarar dukiya da rayuka da muke yi ta wannan hanya ta yi yawa, kuma mafi yawanta ana iya kauce mata ba tare da an kashe ko sisi ba.

Kowane abu mai ci da wuta yana da iyakar zafin da in ya kai ta, a cikin iskar nan da muke shaƙa, zai kama da kansa. Masana sun auna wannan iyaka. A ma'aunin Salshiyas, wanda ruwa ke tafasa a digiri 100 a kansa, fetur yana kamawa da kansa tsakanin digiri 250 zuwa 280. Dizal da kananzir ba sa ma jira su kai can, daga digiri 210 zuwa sama kaɗan sun tashi. Takarda wajen 230 take kamawa. Gas ɗin girki sai an kai wajen 400 zuwa 470, gwargwadon haɗin da ke cikin tukunyar. Akwai kuma sinadaran masana'antu da abin nasu ya fi ban tsoro. Wani ruwa da ake kira kabon daisalfaid, wanda ake aiki da shi wajen yin zaren rayon, a digiri 90 yake kamawa, wato bututun tafasasshen ruwa ma ya isa ya tayar da shi. Farin fosfaras kuwa digiri 30 da ɗoriya ya ishe shi, shi ya sa a cikin ruwa ake ajiye shi.

Kada ka ɗauki waɗannan lambobi a matsayin katanga, ka ce ai ban kai ba tukuna. A cikin 'yar ƙaramar kwalbar gwaji aka samo su. In mazubin ya fi girma, ko an matse iskar, ko iskar oksijin ta yi yawa, abin yakan kama tun bai kai lambar ba. A kan buɗaɗɗen ƙarfe mai zafi kuma wani lokaci sai an wuce ta. Amfanin lambar shi ne ta nuna maka cewa zafin da ake magana ba wani zafi ne na masana'antar narka ƙarfe ba. Salansar babur ɗinka tana kai shi kullum, kaskon suya yana kusantarsa kowace safiya.

Wanda ya dubi lambobin da kyau zai ce ashe dizal ya fi fetur haɗari, tunda ya riga shi kamawa. A nan mutane ke ruɗewa, domin akwai lamba ta biyu. Ruwan mai ba shi ne ke ci da wuta ba, tiririn da ke tashi daga kansa ne ke ci. Kowane mai yana da zafin da daga shi yake fara fitar da tiririn da tartsatsi zai iya kunnawa. Na fetur digiri 43 ne ƙasa da sifiri, sanyin da ya fi na cikin firiza. Ma'ana babu wata rana, babu wani dare, ko a tsakiyar hunturun Jos, da buɗaɗɗiyar jarkar fetur ba ta fitar da tiriri mai kamawa. Tiririn nan ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, ba ya tashi sama ya ɓace, ƙasa yake bi, ya shiga kwata, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya je ya tarar da murhu ko garwashin mai shayi, wutar ta biyo shi baya har bakin jarka. Kananzir kuwa sai ya kai wajen digiri 38 yake fara wannan, dizal sai ya haura 52. To amma a tuna, a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, balle a cikin shago mai rufin kwano da ƙofa a kulle. Kananzir ɗin da muke ganin ba shi da fitina, a bazara ya riga ya tsallaka iyakarsa.

Injin mota ma a kan wannan bambanci aka gina shi. Injin dizal ba shi da fulogi mai ba da tartsatsi. Rudolf Diesel, injiniyan Jamus da injinsa ya fara aiki sosai a 1897, ya dogara ne da matse iska a cikin silinda har zafinta ya wuce digiri 500, sannan a fesa mai ya kama da kansa. Injin fetur kuwa sai da fulogi, kuma in fetur marar kyau ya riga tartsatsin fulogi kamawa, shi ne wannan ƙarar ƙwanƙwasa da direba ke ji in mota na hawan tudu. Abin da za ka riƙe a nan mai sauƙi ne. Fetur, ka tsare shi daga tartsatsi da harshen wuta ko da suna nesa. Dizal da baƙin mai da man birki, ka tsare su daga ƙarfe mai zafi, domin su ba sa bushewa da sauri, maƙalewa suke a jikin ƙarfen suna dahuwa har su kama.

Janareta ne wurin da duka haɗarin biyu ke haɗuwa, kuma shi ne ya fi damuna. Ga yadda abin yake a gidaje da yawa. Dare ya yi, ana kallo ko ana guga, injin ya fara tari alamar mai ya ƙare. Sai a tura yaro da galan a hannu ɗaya, fitilar waya a ɗaya hannun. Ba ya son a ce ya kashe wa mutane wuta, don haka ya buɗe murfin tanki injin na ruri. Bakin galan ya fi bakin tanki faɗi, mai ya gangaro ta gefe, ɗigo biyu uku suka sauka a kan salansa suka yi cuu, wani farin tiriri ya tashi ya zagaye ƙafafunsa. A daidai wannan lokaci salansar tana iya haura digiri 300, ga kuma tartsatsin da injin da kansa ke yi a wajen fulogi da wayoyi. Ya yi haka sau da yawa babu abin da ya faru, shi ya sa yake ganin ba komai. Ranar da abin zai faru kuma, galan ɗin yana hannunsa, ya jefar da shi, man ya watsu a jikinsa da tsakar gida.

Don Allah a kashe injin kafin a zuba mai, kuma kashewar kaɗai ba ta wadatar ba, domin ƙarfe ba ya hucewa nan take. A ba shi minti 10 zuwa 15. A yi amfani da mazurari, kada a cika tanki har baki saboda mai yana kumbura in ya ji zafi, a goge duk abin da ya zube, a mayar da galan nesa, sannan a tayar. Ba a haska tanki da kyandir ko ashana. Wannan aiki kuma na babba ne, a daina tura ƙananan yara. Mafi alheri ma a duba mai tun da yamma injin yana sanyi, a cika kafin a kunna. Shi kansa janaretan a fili yake zama, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci ko da babu gobara.

Mun ga ƙarshen wannan sakaci a babban mataki. A watan Oktoba na 2024 tankar fetur ta faɗi a garin Majiya ta jihar Jigawa, jama'a suka taru suna kwasar mai, wuta ta tashi ta hallaka mutum fiye da 150. Watanni uku bayan haka, a Janairun 2025, aka sake yin irinsa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, inda rahotanni suka ce an kawo janareta ne don a juye man zuwa wata tankar, mutum fiye da 80 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Na san talauci da tsadar mai ne ke kai mutane wurin, ba na ganin laifin kowa ina zaune a inuwa. Amma wurin da dubban litocin fetur suka malale, tiriri ya riga ya cika ko'ina tun kafin ka iso, kuma babur ɗaya da ya tsaya da zafin salansa, ko bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta, ya isa. In ka ji warin mai, ka riga ka matso da yawa. Ka juya, ka bi ɓangaren da iska ke fitowa, ka hau tudu in akwai, ka janye yara. 'Yan bumburutu ma su ji wannan: teburin galan-galan bai dace da maƙwabtakar mai shayi ko mai tsire ba, kuma ba cikin ɗakin kwana ake kai ragowar mai da dare ba.

Masu mota su riƙa leƙa injin. Baƙin mai da ke tsiyaya a kan bututun hayaƙi, tiyon dizal da ya tsage yana fesawa, tsumman da makaniki ya manta a kan injin, duk kowanne ya ƙona motoci. In kana jin ƙaurin mai bayan tafiya, ko kana ganin siririn hayaƙi daga bonet, kada ka ce sai an yi albashi. A kaka da hunturu kuma kada a faka mota a kan busasshiyar ciyawa ko kara bayan doguwar tafiya. Tukunyar tace hayaƙi da ke ƙarƙashin mota, wadda makanikai ke kira indomi, tana aiki ne a zafin da ya haura digiri 400, kuma tazarar da ke tsakaninta da ciyawa ba ta wuce taƙi ɗaya ba.

Sai madafa. Man gyaɗa da manja da sauran man suya su ma suna kamawa da kansu in an bar su a kan wuta, ba sai harshen wutar ya taɓa su ba. Suya tana yin kyau a wajen digiri 170 zuwa 190. Sama da haka man zai fara hayaƙi, in ya haura 300 tiririnsa na iya kamawa, kafin ya kai 400 kuma zai tashi da kansa. Abin farin ciki shi ne yana ba da sanarwa. Ki lura da kaskon ƙosai ko awara in an kwashe zubi ɗaya ba a saka wani ba: fuskar man za ta fara rawa, sai wani siririn hayaƙi mai ɗan shuɗi ya taso, da wari mai shiga ido da maƙogwaro. Wannan hayaƙi shi ne lokacin da za ki janye itace ko ki rage gas. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi ya fi saurin kaiwa nan. Mafi yawan gobarar kasko kuwa tana faruwa ne a 'yan mintocin da aka ce bari in amsa sallama, ko bari in duba yaro.

In ya kama, 'yar'uwa, kada ki zuba ruwa, ko cokali ɗaya. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya nutse ƙasan kasko, ya tarar da zafin da ya ninka na tafasarsa sau uku, ya zama tururi nan take. Ruwa in ya zama tururi yana kumbura kusan sau 1,700, sai ya yi wurgi da man mai ci har rufin ɗaki da fuskar mai zubawa. Ki kashe gas ko ki janye itacen, ki zura murfin ƙarfe ko faranti daga gefe ki rufe kaskon, ki bar shi a inda yake. Kada ki ɗauka ki ce za ki fitar waje. Kada kuma ki yi gaggawar buɗewa, domin man yana nan da zafinsa, iska na shiga zai sake tashi. Ki ba shi rabin awa ko fiye. Risho da fitilar ƙwai kuma ba a ƙara musu kananzir suna ci, ba a kuma sayo kananzir a galan ɗin da aka taɓa zuba fetur. Ɗan fetur kaɗan in ya gauraya da kananzir yana sauko da waccan lamba ta 38 ƙasa ƙwarai, wannan ne asalin fashewar risho da muke ji ana cewa gurɓataccen kananzir.

Akwai wani nau'in da ya fi duka ɓoyuwa, wanda abu ke ƙirƙiro zafin da kansa a hankali, babu injin babu murhu. Wasu mayuka, musamman man linsid da ke cikin fenti da man goge katako, suna bushewa ne ta hanyar shan iskar oksijin, kuma wannan shan yana fitar da zafi. A jikin ƙofa ko kujera zafin yana bin iska ya tafi. Amma in aka dunƙule tsummokin da aka goge da su aka watsa a kwali, zafin ba shi da hanyar fita, sai ya yi ta taruwa, zafi na ƙara saurin aikin, aikin na ƙara zafi, cikin 'yan awoyi tsumma ya kama. Haka ta faru a wani dogon bene mai suna One Meridian Plaza a birnin Filadelfiya ta Amurka a Fabrairun 1991. Ma'aikata suka bar tsummoki masu man linsid suka tashi, wuta ta ci hawa takwas, 'yan kwana-kwana uku suka mutu. Kafintoci da masu fenti, ku shanya irin waɗannan tsummoki ɗaya-ɗaya a fili har su bushe ƙarau, ko ku jiƙa su a bokitin ƙarfe mai ruwa da murfi. Kada a kwana da su a dunƙule cikin shago kusa da garin katako.

Harawa ma haka take, kuma wannan ya shafi kusan kowane gida mai dabba. In aka ɗaure harawar wake ko ta gyaɗa da sauran danshi, ko raɓa ta jiƙa ta, aka jibge da yawa a ɗaki, ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sukan fara cin ta suna fitar da zafi. Su kaɗai suna iya kai tsakiyar tarin wajen digiri 70, daga nan kuma ciyawar ta ci gaba da ɗumama kanta har ta kama. Makonni shida na farko bayan ajiya su ne na haɗari. A bar harawa ta bushe har in ka murɗa ta karye, a ɗora ta a kan itace ba a ƙasa ba, a bar rata tsakanin tari da tari. Lokaci-lokaci ka soka dogon rodi har tsakiya, ka bar shi kamar minti 15, ka zaro. In ba ka iya riƙe shi da hannu saboda zafi, ko kana jin wani wari kamar na taba ko ƙonannen sukari, akwai matsala. Kada ka hau kai, domin ciki yana iya zama rami mai garwashi. Kada kuma ka yi saurin bankaɗewa ba tare da ruwa da mutane a kusa ba, iskar da za ta shiga ita ce abin da garwashin ke jira.

Tunkuza mai sauran mai a jiki, auduga mai danshi, da gawayin da aka kwaso daga rami ba a jima ba, duk suna da wannan hali. Dokokin dakon kaya a jiragen ruwa na duniya sun sa tunkuzar iri da gawayi cikin kayan da ke iya kamawa da kansu. Mai gawayi ya baza sabon gawayi a fili ya sha iska na kwanaki kafin ya zuba a buhu ya jera a shago, kuma kada ya bari ruwa ya jiƙa shi sannan ya tara. Masu matsar mai su bar tunkuza ta huce sosai kafin a ɗinke buhu.

Masu walda suna da nasu. Kada giris ko mai ya taɓa bakin tukunyar oksijin da agogonta, ko da daga hannu ne ko tsumman aiki. A cikin tsantsar oksijin mai matsi, mai yana kamawa a zafi kaɗan, kuma buɗe tukunya da ƙarfi lokaci ɗaya yana haifar da wannan zafin. A buɗe a hankali, a tsaya daga gefe. Masu jinya a gida da tukunyar oksijin su ma su kiyaye wannan, su nisanta ta da man shafawa da murhu. Duro ko tankin da aka ce babu komai a ciki ya fi cikakke haɗari a wajen walda, domin abin da ya rage tiriri ne gauraye da iska, kuma fetur kashi 2 cikin 100 na iskar ya isa ya fashe. Sai an wanke shi sosai, an buɗe dukkan bakunansa, an cika shi da ruwa har kusa da inda za a yi aiki. Kabaid da ake yin gas ɗin walda da shi a ajiye shi a bushe cikin gwangwani mai murfi, ruwa na taɓa shi gas yake fitarwa, da zafi tare. Garin kulorin na tsaftace ruwa kuma kada a haɗa shi wuri ɗaya da mai ko man birki ko taki, domin haɗuwarsu kaɗai tana tayar da wuta.

In abin ya fi ƙarfinku, ku fita da kowa tukuna, sannan a kira 'yan kwana-kwana, 112 a Najeriya, 18 a Nijar. Wanda ya kira ya faɗi abin da ke ci da abin da ke ajiye a wurin, ko fetur ne, ko tukwanen gas, ko kabaid, ko harawa. Wutar mai, kumfa ko hoda take so, wurin da kabaid yake kuwa ruwa ƙara ta yake yi, kuma gara su san haka tun suna hanya.